Rumbun da Baba Ya Gina wa Baje Kolin Duniya

A ƙauyenmu, can bayan Godogodo, idan mutum yana yabon ƙwarin wani abu, sai ya ce kamar rumbun tsohon nan. Tsohon nan mahaifina ne. Ya haura shekara hamsin yana gina wa mutane rumbun laka, daga ƙauyenmu har ƙauyukan gindin duwatsu, kuma ba a taɓa jin ranar da rumbun da ya gina ya tsage ko ya faɗi ba. Akwai gidajen da suka zama kufai, masu su sun rasu, 'ya'ya sun koma Kaduna, amma rumbun yana nan tsaye cikin ciyawa. Baba ba shi da sarauta, ba shi da muƙami a coci sai sharar haraba ranar Asabar, karatunsa kuma bai wuce Littafi Mai Tsarki na Hausa da yake bi da yatsa ba. Wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka, kuma ni ce na ɓata masa shi.

Ni ce 'yarsa ta fari, ina koyar da zane a wata sakandare a Kafanchan. Mutane suna cewa ina da zafin kai, ni kuma ban taɓa musu ba, don idan na tsaya musun ma sai in tabbatar musu da maganarsu. Baba yana kirana Mamana, wai na ɗauko fuskar mahaifiyarsa. Mama kuwa takan ce ba fuskar kaɗai na ɗauko ba, har da bakin.

Yadda Baba ke aiki ba wani sirri a ciki, kowa ya sani, haƙurin ne ba kowa ke da shi ba. Da rani yake gini. Zai haƙo jar laka a bakin rafi, ya haɗa ta da ciyawar acca da aka sussuke, ya tattake da ƙafa, ya rufe ta ta yi kwanaki tana tsima har sai ta fara wari. Sai ya jera duwatsu saboda gara da danshi, ya shimfiɗa gindin rumbun a kansu. Daga nan zagaye ɗaya yake ɗorawa a rana, tsayin tafin hannu, ya tafi gona abinsa. Washegari kafin ya taɓa sabuwar laka, zai danna babban yatsansa a kan zagayen jiya. Idan yatsan ya bar gurbi, ya fasa aiki ranar ke nan, ko da mai rumbun zai yi kuka. Idan bai bar gurbi ba, ya ɗora na gaba. Ranar da ya kai wuya, zai jiƙa yatsu uku ya ja layi uku kewaye da wuyan rumbun. Duk inda ka ga layi ukun nan, ba sai ka tambayi wanda ya gina ba.

Wata ranar Talata ina ofishin malamai ina makin takardun yara, sai wani tsohon abokin karatuna ya kira ni. Tare muka yi kwaleji a Gidan Waya, shi daga baya ya karanta zanen gine-gine ya koma Abuja. Ya ce gwamnati za ta kafa rumfar Najeriya a babban baje kolin ƙasashen duniya da za a yi a ƙetare, kamfanin da yake wa aiki ne ya samu zana rumfar. Ya ce kwamitin da aka kafa ya gaji da ganga da abin rufe fuska, wannan karon ana so a nuna yadda mutanenmu ke adana abinci tun kafin zuwan siminti. Suna so a tsakiyar rumfar a tsayar da rumbu na gaske, na laka, wanda hannun mutum ya gina.

“Sista, tun da aka faɗi haka Dadi, wato babanki, kawai nake tunani,” in ji shi. “Kin tuna da na zo gidanku na hau rumbu na leƙa ciki, ya kore ni da tsintsiya?”

Na tuna. Ban ƙarasa makin ba, na tari acaɓa zuwa tasha, na kama motar ƙauye.

Na samu Baba yana gyaran ƙotar fartanya. Na zuba masa bayani ba ko numfashi. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko Turawa ba su da rumbu, in kuwa ba su da shi, ina suke zuba hatsinsu. Na ce ba hatsi za a zuba ba, kallo za a yi. Ya ce bai taɓa gina rumbun kallo ba. Amma na ga yadda ya ajiye fartanyar ya dubi tafin hannunsa, na san maganar ta shige shi.

Bayan sati biyu suka zo da jif biyu, abokin karatuna da wani babba daga kwamitin da kowa ke ce wa Oga, sai masu ɗaukar hoto. Suka auna tsofaffin rumbunan gidanmu, suka ɗauki hoton wuyan kowanne. Ni kuma na zana musu rumbun ta gaba da ta gefe da ta sama, har da awo, don in nuna musu cewa mu ma mun je makaranta. Shirin da suka yi shi ne, za a ƙera wani dandamali na ƙarfe da katako a Kaduna, a kawo, Baba ya jera duwatsunsa a kai ya yi ginin, yadda za a iya ɗaga shi gaba ɗaya a sa a kwantena. Awon dandamalin sai ya dace da wurin da aka ware a rumfar, don haka ba a fara komai sai ya iso.

Baba ya gaya wa Oga sharaɗinsa da irin Hausarsa.

“Ranka ya daɗe, wannan aiki na rani ne. Kwana ashirin da biyar ina gini, wata ɗaya yana shan rana. Idan ruwa ya sauka, laka ba ya ji magana.”

“Ba matsala, Baba,” in ji Oga, yana duba wayarsa. “Da zarar an saki kuɗi, sati ɗaya dandamali yana nan.”

A watan da aka gama girbi ne suka zo. Ni kuwa kaina ya kumbura ya fi ƙarfin ɗankwali. Na faɗa a ofishin malamai, na faɗa a taron zumuntar mata, na faɗa wa mai sayar mini da manja a kasuwar Kafanchan wanda bai tambaye ni ba. Fastonmu na ƙauye ya sanar a sujada, aka tafa, Baba ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Ya haƙo laka ya tattake ya rufe. Mutum biyu suka zo neman ya gina musu rumbu, ya ba su haƙuri, ya ce ya riga ya yi alkawari da gwamnati.

Kirsimeti ya zo ya wuce, dandamali bai zo ba. Duk ranar Litinin ina kiran abokin karatuna. Yau ya ce fayil yana kan teburin wani, gobe ya ce wanin ya yi tafiya, jibi ya ce an sa hannu amma kuɗin na cikin kasafin da ba a fara saki ba. Sau ɗaya ma ya ce an canza shugaban kwamitin, sabon yana so a sake duba zanen rumfar tun daga farko. Laka ta tsima har ta wuce, Baba ya ba maƙwabta suka yi yaɓe da ita, ya haƙo wata. Sau uku yana yin haka. Bai taɓa tambayata ina aka kwana ba. Idan na zo ƙarshen mako, sai dai in ga ya ɗaga kai yana duban gabas, inda hadari ke fara haɗuwa.

Ista ya wuce. Aka yi ruwan fari, aka shuka citta, aka rufe kunyoyi da ganye. A raina na riga na haƙura, na fara shirya abin da zan gaya wa matan zumunta.

Sai da damina ta zauna sosai, masara ta kai gwiwa, sannan aka saki kuɗin. Kwatsam kowa a Abuja ya farka. Aka ƙera dandamalin cikin kwana uku, motar da ta ɗauko shi ta lalace a Mararaban Rido ta ƙara cinye kwana biyu. Abokin karatuna ya biyo ta a baya, idanunsa jajur. Ya ce jirgin ruwan da zai ɗauki kayan rumfar ba zai jira kowa ba, kwana tara ya rage a ɗora rumbun a mota zuwa Legas.

Baba ya zagaya dandamalin, ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce aikin kafinta ya yi kyau. Sannan ya ce ba zai yi ba.

Abokin karatuna ya roƙa har ya durƙusa. Ya ce za a kafa tamfol, a kawo janareta da fanka, a hura gawayi kewaye da ginin. Baba ya ce wuta bayan laka take busarwa, cikin yana nan ɗanye. Ya ce su je su ce wa Oga tsohon ya gode, a bari sai wani ranin. Aka ce masa baje kolin ba ya jiran wani rani. Ya ce to, Allah ya ba su sa'a.

A nan ne na buɗe bakina. Na ja Baba zuwa bayan ɗakin girki, inda baƙo ba zai ji ba, kodayake da irin muryata har bakin hanya an ji. Na ce shekara hamsin yana gina wa ƙauye rumbu, wa ya san shi da an wuce Kafanchan? Na ce Allah ya kawo masa dama har ƙofar gida yana korarta saboda taurin kai. Na ce duniya ta canza, yanzu ana gina bene cikin wata guda. Duk wannan bai motsa shi ba, yana tsaye yana ɓare ƙasar da ta bushe a farcensa. Sai na faɗi wadda na san za ta kama shi. Na ce ni na kawo mutanen nan, ni na cika baki a coci da makaranta, in ya ƙi, da wane ido zan dubi jama'a? Na ce ashe bai damu da kunyata ba.

Ya bar ɓare farcen ya dube ni.

“Mamana, ke ne kike so?”

“Ni nake so, Baba.”

“To.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya shiga ɗaki ya sa tsohon gajeren wandonsa na aiki.

Na ɗauki izini a makaranta na tare a ƙauye. Aka kafa shuɗin tamfol a tsakar gida, aka jera kaskon gawayi huɗu, fanka biyu suna juyawa, janareta yana ta ƙara har kaji suka ƙaurace wa gidan. Lakar kwana biyu kawai ta samu ta tsima. Baba yana ɗora zagaye uku a rana, wani lokaci huɗu. Ruwa kuwa kullum da la'asar kamar da bakin ƙwarya.

Abin da ba ya barina har yau shi ne yatsan nan. Bai daina gwadawa ba. Kafin kowane sabon zagaye zai danna babban yatsansa a kan na ƙasa, yatsan ya nutse, ya bar gurbi mai kyau wanda ko makaho zai shafa ya ji. Sai ya ɗago ya dube ni. Ni kuma sai in dubi wayata, ko in juya in ce a ƙara gawayi. Sai ya ɗebi laka ya shafe gurbin ya ɗora. Na ga wannan ya fi sau ashirin, kuma na san ma'anarsa tun ina yarinya, ba wanda zai ce ban sani ba.

Ranar Asabar da yamma ginin ya kai wuya. Gaskiya ya yi kyau, cikinsa ya fito zagaye sumul, ya fi ni tsayi. Abokin karatuna ya ɗauki hoto ya aika Abuja, aka turo masa da yabo. Na kawo wa Baba ruwa a ƙwarya don ya jiƙa yatsu ya ja layinsa uku. Ya karɓi ƙwaryar ya wanke hannu da ruwan, ya zubar. Ya ce sai Litinin.

Ranar Lahadi tun safe ake yayyafi. Bayan sujada fasto ya ce jama'a su biyo shi gidanmu a yi wa rumbun addu'a kafin ya kama hanya. Kusan duk ikilisiya ta zo, matan zumunta da anko, da tulun kiɗa da kacau-kacau, dattawa da lema. Tsakar gidanmu ta cika har wasu suna leƙe ta kan danga. Ni ina gaba, na ci ado, ina nuna wa mutane inda za su tsaya. Baba yana can gefe a jikin tsohon rumbunmu, da kwat ɗinsa na coci.

Ana cikin waƙa ta biyu wata mata ta yi shiru tana nuna ginin da yatsa. Cikin rumbun ya kumbura ta gefe ɗaya. Bai faɗi da ƙara ba, da ma ya yi ƙara da ya fi sauƙi. A hankali ya riƙa sauka, gefen ya buɗe, wuyan ya karkata ya nutse ciki, duka ya zauna a kan dandamalin ya zama tulin jar laka mai tururi. Cikin lakar ɗanye sharaf, kamar yadda Baba ya faɗa. Masu kiɗa na baya ba su gani ba, suka ci gaba da bugawa na ɗan lokaci kafin a taɓa su.

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya cire kwat ya miƙa wa Mama, ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando. Mutumin da bai taɓa ɗaga ko tsinke ranar Lahadi ba ya hau dandamalin ya fara kwashe lakar da hannu biyu yana zubawa a kwando. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Fasto ya dafa kafaɗarsa, shi ma ya tafi.

Mama ta same ni a ɗakin girki ta ce, “Ki je ki yi wa babanki magana.”

Ban je ba. Na fita waje na sauke fushina a kan abokin karatuna, na wanke shi tas, shi da Oga da kwamitin da duk wanda ya taɓa riƙe fayil ɗin nan. Abin da na faɗa a kansu gaskiya ne, har gobe ban janye ba. Wata shida suka zauna a kan kuɗin da aka ware, suka cinye rani guda, sannan suka zo suna ƙirga mana kwanaki. Amma na riƙe wannan gaskiyar ne don ta rufe mini ɗayar.

Abuja ba ta yi asarar komai ba. Aka kai zanen da na yi wani wuri a Legas, aka zuba rumbu na roba cikin 'yan kwanaki, aka shafa masa jan fenti. Da aka buɗe baje kolin, abokin karatuna ya turo mini hotuna, ina jin don ya wanke kansa. Ga rumfar Najeriya fes, fitilu ta ko'ina, ga rumbun a tsakiya, baƙi suna jingina da shi suna ɗaukar hoto. Na yi niyyar ɓoyewa, sai Baba ya ji labari a coci ya ce in nuna masa.

Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa. Ya ce ba su sa duwatsu a ƙasa ba, gara zai shiga. Na ce gara ba ta cin roba, Baba. Sai ya ce in ƙara masa girman wajen wuyan. Na ja hoton da yatsu. Layi uku ne kewaye da wuyan, an kwaikwayo su daga hotunan tsofaffin rumbunanmu, an fitar da su tsaf da inji.

“Wa ya sa hannuna a wurin?” ya tambaya.

Na ce ban sani ba. Ya miƙo mini wayar ya tashi ya tafi duba awaki.

Da rani ya zagayo, ɗaya daga cikin mutum biyun da ya ba haƙuri bara ya dawo da kaza a hannu, yana neman a gina masa rumbu. Ina tsakar gida ina jin su. Baba ya ce ya mayar da kazarsa, ya je ya nemi wanda nasa bai taɓa faɗuwa ba. Mutumin ya ce haba Baba, kowa ya san yadda aka yi. Baba ya ce shi ma ya sani, shi ya sa. Bai sake taɓa laka ba, ko yaɓen ɗakinsa da ya zube sai wani aka kira.

Shekara biyu ya yi bayan haka. Ina zuwa kusan kowane ƙarshen mako, in kawo masa burodi da maganin ciwon gwiwa, in zauna kusa da shi in kama zagin gwamnati. Ina jira ya ce e, laifinsu ne, don in samu in huta. Bai taɓa cewa ba. Amsarsa ɗaya ce kullum: “Hannuna ne ya ɗora, Mamana. Yatsana ya gaya mini, na ƙi ji.” Sau da yawa nakan yi niyyar in ce Baba ba kai ka ƙi ji ba, ni ce, ka yafe mini. Sai in ce bari sai mako mai zuwa. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba.

Ya rasu da farkon wata damina, bayan gajeriyar jinya a Kafanchan.

A sujadar jana'iza wani dattijon ikilisiya, sa'ansa, ya tashi ba da shaida. Ya faɗi yadda suka yi farauta tare suna samari, ya faɗi sharar ranar Asabar. Sannan ya ɗaga murya ya ce, wannan mutum ya yi shekara hamsin yana gina rumbu a ƙasar nan, kuma rumbun da ya gina bai taɓa faɗuwa ba, ko guda ɗaya. Coci gaba ɗaya ya amsa, “Haka ne.” Mutanen nan duk suna tsakar gidanmu ranar, da idonsu suka gani. Ba ƙarya suka yi a ɗakin Ubangiji ba. Sun daɗe da cire wancan rumbun daga cikin nasa, sun san na wane ne, kuma don kirki ba wanda ya waiwayo ya dube ni.

A wurin na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Matan zumunta suka riƙe ni suna cewa in yi haƙuri, Baba ya huta. Ba rashinsa kaɗai nake wa kuka ba. Duk ƙauyen sun san ba rumbunsa ne ya faɗi ba, shi kaɗai ne ya tafi bai yarda ba, kuma daga bakin mutum ɗaya ne zai iya yarda. Shekara biyu ina zaune kusa da shi da burodi a hannu, ban faɗa masa ba.